Kafin ka zare faifai daga saba: "sdb" ba sunan yanka ba ne

Yau maganar ta masu haɗa saba ce da masu kula da ita, amma ku ma masu makarantu, asibitoci da cibiyoyin CBT da kuke biyan kuɗin aikin, ku tsaya ku karanta, domin ku ne asarar take faɗawa a kanku.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk injiniyan da ya haɗa maka saba, wato uwar garken nan da take riƙe da bayanan ofis, ya tafi bai bar maka takardar da ta nuna wane suna na cikin na'ura ne yake daidai da wane ƙarfe na cikin akwati ba, to bai gama aiki ba. Ko da komai yana tafiya lafiya lau. Kuma mai wuri yana da haƙƙin riƙe cikon kuɗi har sai an kawo wannan takarda. Na san wasu abokan sana'a ba za su ji daɗin wannan magana ba, to amma ku bari in kawo hujja.

Ina matsalar take?

A ce saba tana da faifan ajiya guda 4, had dis ɗin nan da muka sani. Duk kamfani ɗaya, girma ɗaya, kala ɗaya. Wata safiya Linux ya ce maka /dev/sdb ya fara mutuwa. Ka je gaban akwatin, ka ga gurabe 4 a jere. Wanne ne sdb?

Mafi yawan mutane lissafin a, b, c, d suke yi: sda na farko, sdb na biyu, sai su kama na biyu su zare. To a nan ake yin ta. Babu wata doka da ta ce harafin b yana nufin gurbi na biyu. Linux yana raba waɗannan haruffa ne bisa wanda ya riga amsawa lokacin da na'ura take tashi. Wanda ya fara amsawa ya zama sda, mai bi masa sdb, haka har sdz, daga nan a shiga sdaa. Kamar lambar layi ce a asibiti: wanda ya yi sammako shi ne lamba 1 yau, gobe in ya makara sai ya zama lamba 7. Mutumin bai canja ba, lambar ce ba tasa ba tun asali.

Abubuwa da yawa suna birkita layin. Faifan SATA da na SAS da filashin USB duk layi ɗaya suke bi, saboda haka filashin da wani ya manta a jikin saba zai iya shiga tsakani ya ture sauran. In faifai ɗaya ya mutu murus bai amsa ba, na bayansa sai su matso: wanda jiya yake sdc yau ya zama sdb. Ka ga kenan saƙon jiya ya ce sdb ne mara lafiya, amma sdb na yau lafiyayye ne garau. Sannan tun daga kanel 5.3 na Linux, wanda ya fito a watan Satumba 2019, ana tuntuɓar faya-fayan ne lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, don na'ura ta tashi da sauri. Sakamakon haka jerin yana iya sauyawa ko ba a taɓa komai ba, kashewa da kunnawa kawai. Yanzu ku duba mu nan da wuta take ɗaukewa ta dawo sau da yawa a yini, sabar da ba ta da inbata mai ƙarfi sau nawa take sake tashi a mako? Kowane tashi sabon layi ne.

Masu NVMe kada ku ce kun tsira. Sunan nvme0n1 yana nufin na'ura mai lamba 0, yanki na 1, kuma wannan 0 ɗin shi ma yana iya zama 1 a tashi na gaba. Masu Windows ku ma haka: Disk 0 da Disk 1 ba alƙawari ba ne.

Me zai faru in an zare wanda ba shi ba?

Ya danganta da tsarin RAID ɗin da aka yi. Wannan dabara ta haɗa faya-fayai su riƙa rufa wa juna asiri, masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Patterson da Gibson da Katz, su ne suka raɗa mata suna a 1987. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya tak. Ɗaya ya riga ya mutu, kai kuma ka zo ka zare lafiyayye, sun zama biyu, tsarin ya tsaya cak. Wani lokaci ƙwararre yana iya tilasta masa ya sake haɗuwa, wani lokaci kuma shi kenan. A RAID 1 mai faifai biyu, in ka cire mai lafiyar, ka bar saba a kan gurgu. Mafi muni shi ne mutum ya sa sabon faifai, ya rikita sunaye, ya kwafe wofi a kan mai bayanai. Garin neman gira an rasa ido.

Kada wani ya ce ai wannan kuskuren 'yan koyo ne. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja a duniya suke ajiye aikinsu a wurinsa, ya yi niyyar share rumbun bayanai a saba ta biyu, ashe a kan babbar sabar yake. Kafin ya tsayar da umarnin kusan gigabait 300 sun tafi. Da suka juya kan kwafin ajiyarsu sai suka tarar hanyoyin da suka dogara da su ba sa aiki, sai wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin nan ya cece su, aikin awa 6 ɗin kuwa ya tafi har abada. Mutumin ya iya aiki. Abin da ya ci shi kawai shi ne sunaye biyu masu kama da juna. Kama da wane ba ta wane.

To kamfanin da yake da ma'aikata da kuɗi kenan. Ina ga makarantar kuɗi da ke cikin birni wadda sakamakon ɗalibai na shekara 10 yake kan akwati ɗaya a ofishin shugaba? Ko ƙaramin asibiti mai ajiye bayanan marasa lafiya? Ko cibiyar CBT? Tun 2015 da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, wuraren da suke dogara da saba sun yawaita a Zariya, daga Samaru da Kongo zuwa Sabon Gari, Tudun Wada da cikin ganuwa. Mafi yawansu kuma mutum ɗaya ne ya san kan na'urar.

Sunaye huɗu, kowanne da aikinsa

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne Linux da kansa ya tanadi sunayen da ba sa yawo. Suna nan a cikin /dev/disk, wani ɓangare mai suna udev ne yake ƙirƙirar su duk lokacin da na'ura ta tashi. Bari mu yi misali da abin da muka sani.

Na farko, sda da sdb. Mun ce lambar layi ce. Amfaninta na yau ne kawai.

Na biyu, by-path. Wannan adireshi ne. In ka ce wa ɗan acaɓa ya kai ka Ƙofar Kuyambana, ba zai sauke ka a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ba, ko wa ya tare a unguwar, ko wa ya tashi. Sunan na wurin ne. Haka by-path yake: yana gaya maka ta wace hanya aka bi aka isa ga faifan, daga wane kati, ta wace kafa. Za ka ga abu kamar pci-0000:00:17.0-ata-3, ma'ana na'urar SATA da ke wannan adireshi a kan madabod, kafa ta 3. In ka cire faifan ka sa wani a wurin, sabon ya gaji adireshin.

Na uku, by-id. Wannan kamar lambar NIN ce, mutum take bi duk inda ya koma. An haɗa ta ne da samfurin faifan da lambar siriyal ɗinsa, misali ata-ST2000DM008 sai siriyal ya biyo baya. Akwai kuma wadda take farawa da wwn, lambar da kamfani ya ba faifan wadda babu mai irinta a duniya. Na Seagate sukan fara da 0x5000c500, na Western Digital kuma 0x50014ee. Muhimmancin siriyal shi ne an buga shi a takardar da ke manne a jikin faifan. Abu ne da allo yake nuna maka kuma idonka yake iya gani a jikin ƙarfe.

Na huɗu, by-uuid. Wannan ba ta ƙarfen ba ce, ta abin da aka rubuta a ciki ce. Kamar lambar katin asibiti: in an buɗe sabon kati, wato an yi fomat, lamba ta canja, in an yi hoton katin, wato an kwafe faifai sukutum da dd ko Clonezilla, sai ka samu biyu masu lamba ɗaya. Ita ce ta dace a sa a /etc/fstab don na'ura ta san abin da za ta ɗora a ina, amma ba za ta nuna maka gurbi ba.

A taƙaice: by-id yana ce maka wane ne, by-path yana ce maka ina yake, UUID yana ce maka me yake ɗauke da shi. Taswirar da nake magana a kai ba komai ba ce illa haɗa waɗannan uku da lambar gurbin da ido yake gani.

Yadda ake yi, kuma bai kai awa ɗaya ba

Fara da wannan:

lsblk -d -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,WWN,TRAN

Zai jero maka kowane faifai da sunansa na yau, girmansa, samfurinsa, siriyal, da ko SATA ne ko USB. Sai ka bi da waɗannan biyu don ka ga wane suna ne yake nuna wane:

ls -l /dev/disk/by-path
ls -l /dev/disk/by-id

In kana son tabbatarwa daga bakin faifan kansa, sa smartmontools ka tambaye shi:

smartctl -i /dev/sdb

Hattara da akwatunan USB da ake saka faifai a ciki. Wasunsu siriyal ɗin akwatin suke nunawa, ba na faifan ba. A nan sai ka ƙara -d sat a umarnin smartctl ya leƙa ciki.

Saura haɗa siriyal da gurbi. In saba ce ta gaske mai gurabe a gaba da 'yan fitilu, akwai ledctl da ke cikin ledmon:

ledctl locate=/dev/sdb

Fitilar gurbin za ta fara ƙyaftawa. In ka gama sai ka kashe da locate_off. Wannan yana aiki ne in allon da faya-fayan suke shiga a bayansa yana goyon bayan hakan, ba kowanne ba ne.

In akwai katin RAID, labari ya ɗan canja, domin Linux ba ya ganin faya-fayan ɗaya-ɗaya. Katin ya dunƙule su ya miƙa masa sda guda. Dole ka tambayi katin da yarensa. Tsofaffin Dell PowerEdge da HP ProLiant 'yan tokumbo su ne suka cika ofisoshinmu. Na Dell mai katin PERC ana amfani da perccli, na LSI kuma storcli, rubutunsu iri ɗaya ne:

storcli /c0/eall/sall show
storcli /c0/e252/s3 start locate

Na farko zai jero kowane faifai da lambar akwatinsa da gurbinsa, na biyu zai kunna fitilar gurbi na 3. Lambar 252 ɗin nan misali ce, ka ɗauki wadda umarnin farko ya nuna maka. Na HP mai Smart Array kuwa ssacli ne:

ssacli ctrl slot=0 pd all show detail

Ga wani tarko da yake kama har tsofaffin hannu: Dell daga 0 yake fara ƙidayar gurabe, HP kuma daga 1. Kenan "gurbi na 2" a Dell shi ne na uku in ka ƙirga da yatsa. Haka ma ata-1 na Linux yana iya zama kafar da aka rubuta wa SATA0 a kan madabod. Kada ka yi lissafi da ka, duba da ido.

To in kwamfutar tebur ce aka mayar saba, kamar yadda wurare da yawa suke yi? Babu fitila ko ɗaya sai ta gaba. A nan hanya ɗaya ce: zaɓi ranar da ba aiki, kashe na'ura, zare wayar wuta, buɗe murfi, karanta siriyal a jikin kowane faifai, ka bi wayarsa da yatsa har kafar da ta shiga. Da ma ƙurar hunturu ta taru, sai ka haɗa da kaɗe ta.

Akwai tsohuwar dabara ga mai fitilun aiki a kowane gurbi amma ledctl ya ƙi: ka sa faifan ya yi ta karatu don fitilarsa ta tsaya a kunne.

dd if=/dev/sdb of=/dev/null bs=1M

Tana aiki, amma ina jan kunne: if shi ne inda ake karantowa, of shi ne inda ake zubawa. Ka kuskura sunan faifanka ya faɗa wajen of, to rubutu za a yi a kansa. Wanda hannunsa yake rawa ya bar wannan.

Masu Windows ku buɗe PowerShell ku rubuta:

Get-PhysicalDisk | Select DeviceId, FriendlyName, SerialNumber, Size

Kada mutum ya taɓa buga clean a diskpart bai ga siriyal ba.

Ba faifai kaɗai ba

Kafofin netwok ma haka suke. A da eth0 da eth1 sukan yi musanya, mutum ya tashi ya ga layin waje ya koma na ciki. Shi ya sa daga systemd 197 a farkon 2013 aka kawo sunaye masu bin wuri: eno1 na jikin madabod, ens1 mai bin lambar gurbin kati, enp3s0 mai bin adireshin PCI. Mutane sun yi ta ƙorafi wai sunayen sun yi wuyar haddacewa, amma gaskiya gyara ne. Duk da haka enp3s0 yana iya zama enp4s0 in ka ƙara wani kati ko NVMe, domin lambobin PCI suna iya matsawa. In kana neman kafa a bayan akwati:

ethtool -p eno1 20

Fitilarta za ta ƙyafta na daƙiƙa 20. RAM kuma, dmidecode -t memory zai nuna maka kowane sanda da sunan gurbinsa, irin su A1 da B2, kamar yadda aka buga a madabod. In sabobin ne da yawa a jere ba ka san wadda ka shiga ta nesa ba, ipmitool chassis identify 60 zai kunna fitilar shaidar da ke jikinta na minti ɗaya. Da a ce kowa yana yin irin wannan tabbatarwa kafin ya danna, da labarai irin na GitLab sun ragu.

Takardar kanta

Layi ɗaya ga kowane faifai: lambar gurbi, siriyal cikakke, samfuri da girma, by-path, aikin da yake yi, da ranar da aka saka shi. Sannan a yanki salatef na takarda a rubuta haruffa 5 ko 6 na ƙarshen siriyal a manna a gaban gurbin. Na ƙarshe fa, ba na farko ba, domin faya-fayan da aka sayo tare farkon siriyal ɗinsu yakan zo iri ɗaya. Kada a toshe ramukan shan iska, kada kuma a rufe ɗan ramin da ke jikin faifan wanda aka rubuta kada a rufe.

Kwafi uku: ɗaya a manne a jikin akwati, ɗaya a fayil ɗin ofis, ɗaya hoto a wayar mai wuri. Kada a ajiye shi a cikin sabar kaɗai, don ranar da ake nemansa ita ce ranar da sabar ta ƙi tashi. Duk wanda ya canja faifai ya gyara takarda kafin ya karɓi kuɗin mota. Taswirar da ba a sabunta ba ta fi rashinta haɗari, saboda za a yarda da ita.

Abin da masu musu suke cewa

Wani zai ce, "Ni na haɗa ta, komai yana kaina." Malam, ba mu ƙi ba. Amma kai ɗin nan kana tafiya, kana rashin lafiya, ana kiranka aiki Abuja, wayarka tana mutuwa. Yawancin masu kula da ƙananan sabobi a garin nan ɗalibai ne na ABU ko Nuhu Bamalli, ko masu bautar ƙasa. Shekara ɗaya, biyu, sun wuce. Wanda ya gaje su sai ya tarar da akwati baƙi ba ko rubutu. Kuma ko kai ɗin, ƙarfe 6 na safe ranar jarrabawa, ɗalibai sun yi layi a waje, mai wuri yana tsaye a kanka yana zufa, a nan ne za ka tuna abin da ka haɗa shekara biyu da suka wuce?

Wani zai ce ai saba tana kunna jar fitila ko ruwan ɗorawa a kan wanda ya mutu. Gaskiya ne, in katin RAID ne yake riƙe da ita kuma komai na asali ne. Amma in RAID ɗin na manhaja ne, irin mdadm ko ZFS, sau da yawa babu abin da zai kunna fitilar sai an saita. Sannan faifan da ya fara ciwo, SMART yana ta ƙirga masa wuraren da suka lalace, amma bai faɗi ba tukuna, fitilarsa kore ce shar kamar ta kowa. Wannan kuwa shi ne lokacin da ya fi dacewa a canja shi.

Wani kuma zai ce duniya ta koma gajimare, wa yake ta saba a ofis? Wanda yake da intanet mara yankewa da dalar biyan kuɗin wata ya koma, Allah ya ba da sa'a. Amma ɗakin jarrabawa da ɗakin karɓar magani ba sa jiran netwok ya dawo. Kuma ko a can ɗin matsalar tana nan: a sabobin haya na Amazon, faifan da ka maƙala da suna /dev/sdf yana iya bayyana a matsayin nvme1n1, kuma kamfanin da kansa yana ba da shawarar a dogara da UUID.

Akwai dalili na huɗu wanda ba a faɗa a fili: wasu suna ɓoye taswirar ne da gangan don dole a sake kiransu. Wannan ita ce ta fi damuna. Na fahimci halin da ake ciki, aiki ya yi ƙaranci, kuma akwai masu wuri da in sun samu takarda sai su nemo yaro mai araha. Amma bayanan nan ba naka ba ne, amana ce ta ɗalibai da marasa lafiya waɗanda ba su san ma kana yi ba. Makanikin da ya ɓoye maka inda fiyus yake ba gwani ba ne, kuma ranar da ka gano, ka bar garejinsa kenan. A ganina wanda ya miƙa aiki a rubuce shi ake sake nema, shi ake kuma ba wa babban aiki. In kana tsoron a ci haƙƙinka, sa kuɗin rubuta taswira a cikin lissafinka tun farko, a fili.

Ku ma masu wuri da naku laifin. Za a sayi saba ta miliyoyi, amma a ce wa injiniya ya zo ranar Asabar a kashe na'ura awa ɗaya a yi wannan aiki, sai a ce ba lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma sani tun watan Yuni 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai sa ido a kai, kuma alhakin yana kan wanda ya tara bayanan. Faifan da aka cire bisa kuskure aka jefa a kwali, daga baya ya ɓulla a teburin mai gyara a PZ da sunayen mutane da lambobinsu a ciki, ba injiniya kaɗai za a tambaya ba.

Ranar da abin ya faru

In faifai ya faɗi, ga tsarin da nake ganin ya kamata kowa ya bi, ko da taswira a hannu.

Kafin komai, a kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri daban. RAID ba kwafin ajiya ba ne, kuma lokacin sake gini ne faifai na biyu ya fi yawan faɗuwa, saboda ana karanta shi daga farko har ƙarshe, ga shi sa'an wanda ya mutu ne.

Sai a duba cat /proc/mdstat da mdadm --detail /dev/md0 a ga wanda ya fita. A nemo siriyal ɗinsa yanzu-yanzu, ba daga saƙon jiya ba. In ya mutu har ba ya amsawa, a jero siriyal na masu rai, wanda babu shi a jerin amma yana kan takarda shi ne gawar.

A kunna fitila in akwai, a gwada da salatef ɗin gaban gurbi. In biyun ba su yi daidai ba, a tsaya, kada a zare komai. In kwamfutar tebur ce, a kashe ta tukuna.

Bayan an zare, a karanta siriyal a jikin faifan da ke hannu kafin a ci gaba. Bayan an sa sabo, a sake buga lsblk, domin haruffa sun iya sauyawa. Duk umarnin da zai yi rubutu, a ba shi sunan by-id, kada a ba shi sdb. Ya fi tsawo, amma tsawon nan shi ne kariyar.

A ƙarshe a tabbatar da wuta. Sake ginin faifai mai terabait 2 ko 4 yana cin awoyi, wani lokaci yini guda. A zuba mai a janareta, a duba batirin inbata kafin a fara.

Duk abin nan da na lissafa babu na saye a ciki, in ban da salatef da biro. Saboda haka ɗan'uwa injiniya, wannan makon ka zaɓi saba ɗaya cikin waɗanda kake kula da su, ka buga lsblk, ka rubuta takardarta. Kai kuma Alhaji mai makaranta, ko Hajiya mai asibiti, gobe in yaronku na kwamfuta ya shigo, ku kai shi gaban akwatin ku tambaye shi: in na biyu ya mutu yau, wanne za ka cire, kuma a ina aka rubuta? In ya nuna takarda, ku riƙe shi da kyau. In ya nuna kansa, ku ba shi ranar Asabar.

Allah ya tsare mana amanar da ke hannunmu.